Yadda Ake Shirya Yawon Yini Guda a Gaɓar Tsibirin Farasan Tare da Ɗan Jagora

Da yawa daga cikin Hausawan da ke zaune a Jidda da Makka sun shafe shekaru suna kallon Bahar Maliya daga bakin gaɓa, amma ba su taɓa hawa kanta ba, alhali kuwa kakannin wasunsu ta cikinta suka shigo wannan ƙasa a jiragen katako da suka taso daga Suwakin ko Masawa. A kudancin wannan teku, kimanin kilomita 40 daga birnin Jizan, akwai tarin tsibirai da ake kira Farasan, waɗanda mutum zai iya zuwa da safe ya dawo da yamma, ya ga bakin ruwa irin wanda bai saba gani ba. Uku ne daga cikinsu mutane ke zaune a kai: Farasan Babba, da Sajid, da Kumma. Bayanin da ke tafe ya shafi wanda ke da yini guda tak a hannunsa, yana kuma so ya kai iyalinsa ko abokansa su tsaya a wuraren da ake hango teku da kyau, ba tare da sun galabaita ko sun rasa jirgin dawowa ba.

Abin da ya kamata a fara sani shi ne cewa jirgin dawowa ne ke mulkin wannan yini, kuma daga lokacinsa ake fara lissafi a komo baya. Babban jirgin fito, wanda mutanen wurin ke kira abbara, yana ɗaukar mutane da motoci kyauta tsakanin Jizan da Farasan, domin gwamnati ce ke ɗaukar nauyinsa. A jadawalin da aka saba, yana tashi sau biyu a rana daga kowane ɓangare, na safe da misalin ƙarfe 7, na yamma kuma da misalin ƙarfe 3:30, tafiyar kuwa takan ci awa ɗaya da wani abu. Idan aka cire lokacin sauka da safe, aka kuma cire awa gudan da ake buƙatar mutum ya kasance a tashar kafin tashin jirgin yamma, abin da ya rage bai wuce awa shida ba. A cikin awa shidan nan ne za a yi tafiya a mota, a shiga kwale-kwale, a yi sallar Azahar, a ci abinci, a kuma lallashi yaron da ya ƙi fitowa daga ruwa. Saboda haka nake ganin wurare huɗu, ko biyar idan an matsa, sun isa, kuma duk ɗan jagoran da ya yi alkawarin zagaya da ku wurare goma a yini guda, to ta tagar mota zai nuna muku su. Lokacin da aka rubuta a jikin tikiti shi ne abin dogaro, a kuma sake tabbatar da shi ana gobe tafiya, domin idan iska ta yi ƙarfi akan dakatar da jirgin.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Maris, sa'ad da zafi ke sassautawa. Bazarar Jizan ba irin ta Makka ba ce, domin zafinta a haɗe yake da laima mai sa gumi ya jiƙa tufa tun kafin hantsi, sannan daga wajen Yuni zuwa gaba akwai ƙurar da ake kira gubra, wadda ke rufe sararin sama kamar hazon hunturu a ƙasar Hausa, ta hana a hango komai daga nesa. Wanda ya je don hangen teku a irin wannan lokaci ya yi asarar tafiyarsa.

Daga Jidda zuwa Jizan tafiyar kimanin kilomita 700 ce ta hanyar bakin teku, wadda ta bi ta Lis da Kunfuza da Darb da Sabya. Akwai jirgin sama, akwai kuma motocin safa, amma ko ta wace hanya aka bi, dole ne a kwana a Jizan, domin ba a kama jirgin ƙarfe 7 da tuƙin dare. A nemi tikiti kwanaki kafin tafiya, musamman idan ta faɗo ranar Juma'a ko Asabar ko lokacin hutun makaranta, kuma tikitin mota ya fi na mutum wuyar samu. Kowane matafiyi, har da yara, sai an rubuta sunansa da lambar shaidarsa, don haka mazauna ƙasa su riƙe iƙamarsu, baƙon da ya zo ziyara daga Kano ko Zinder kuma ya riƙe fasfonsa a hannu, ya tabbata bizarsa ba ta ƙare ba. Wannan yanki yana kusa da iyakar ƙasa, ana duba takardu da kaya a tashar jirgi kamar yadda ake yi a filin jirgin sama, kuma ba wurin da za a je da takardar da ke da matsala ba ne. Akwai ƙananan jiragen haya masu gudu da ake kira fuluka, waɗanda ke cece mutum idan ya rasa abbara, sai dai suna tsalle a kan igiyar ruwa, ban kuma ba da shawarar a sa tsoho ko mai juna biyu a cikinsu ba.

Yanzu sai batun ɗan jagora, wanda a nan ake kira murshid, kuma a kansa ne ya dace a fi tsayawa. Mutum na iya cewa yana da taswira a wayarsa, me zai yi da jagora? Amsar ita ce kwalta a Farasan tana kai mutum gari da ƙauyuka, amma wuraren da suka fi kyan hange suna ƙarshen hanyoyin burji da na rairayi, waɗanda ke rarrabuwa ba tare da allon nuni ba. Akwai kuma ƙasar gishiri da ake kira sabka, wadda samanta ke bushewa kamar daɓe alhali ƙarƙashinta laka ce, kuma ƙaramar mota na iya nutsewa a cikinta har ciki. Ɗan tsibirin ya san wannan ƙasa da ido, ya san sa'ar da ruwa ke cikowa da sa'ar da yake janyewa, ya kuma san wane ɓangare na gaɓa ne ke samun kariya idan iska ta taso daga kudu. A nemi wanda ke da lasisin Ma'aikatar Yawon Buɗe Ido, a kuma fifita haifaffen tsibirin a kan wanda ya zo daga wani gari yana karanto bayani daga waya.

Kafin a biya kafin alƙalami, a yi magana da shi a fili a kan abubuwa kaɗan, a kuma bar su a rubuce a WhatsApp don kada a yi musu daga baya. A tambaye shi ko kuɗin da ya faɗa ya haɗa da mota da mai da kwale-kwale da abincin rana, ko kuwa kowanne da kuɗinsa. A tambaye shi mutum nawa motarsa ke ɗauka, da ko za a haɗa ku da wasu baƙi, domin iyalin da ke da mata da yawa sukan fi sakewa idan motar tasu ce su kaɗai. A tambaye shi ko mai kwale-kwalen yana da izinin fita daga jami'an tsaron iyaka, waɗanda ake kira Haras al-Hudud, da ko yana da rigunan ceto da za su ishi kowa, har da masu girman yara. Tambaya ta ƙarshe ita ce ƙarfe nawa zai mayar da ku tasha. Jagoran kirki ba ya jinkirin amsa wannan, yakan ma riga ku faɗa. Idan akwai wanda ba ya jin Larabci sosai a cikin tafiyar, kamar baƙon da ya zo daga gida, a zaunar da mai fassara kusa da shi, domin harshen mutanen Jizan da Farasan ya ɗan bambanta da na Hijaz, har wanda aka haifa a Makka ma yakan nemi a maimaita masa wata kalma.

Game da guzuri, ruwan sha ne kan gaba, kuma a ɗauki fiye da abin da ake zaton za a sha, domin da zarar an bar cikin gari babu kanti a mafi yawan bakin ruwan. A ɗauki malafa ko laima, da tabarma, da buta, da ledar zuba shara, da kuɗi a hannu saboda masu kwale-kwale. Takalmi kuwa ya zama mai rufe ƙafa wanda ruwa ba ya ɓata shi. Silifa ba ta da amfani a nan, domin tsibirin kansa tsohon murjani ne da ya taso daga ƙarƙashin teku ya zama dutse, kuma bakinsa yana yanka kamar aska. Wanda jirgi ke sa wa jiri ya ci abu kaɗan da asuba, ya sha maganin tashin zuciya kafin a tashi, ya riƙe citta ko lemon tsami, ya kuma zauna a tsakiyar jirgi inda tangaɗi ya fi sauƙi.

Da an sauka, shawarata ita ce a fara da dajin Kandal tun rana ba ta yi zafi ba. Wannan daji ne da ya tsiro a cikin ruwan gishiri, itatuwan kandal da na shura sun kafa saiwoyinsu a laka, ruwa kuma ya ratsa tsakaninsu ya yi lunguna kamar na tsohon gari, waɗanda sai da ƙaramin kwale-kwale ake shiga. Da safe ruwan yakan kwanta, tsuntsaye kuma suna kiwo, za a ga kwasakwasa da zalɓe da shahon da ke farautar kifi, wani lokaci kuma a hanyar zuwa a ci karo da kifin dolfin, wanda masunta ke kira Abu Salama. A roƙi mai kwale-kwalen ya kashe inji na 'yan mintoci idan an shiga ciki, domin ƙarar inji tana korar tsuntsayen da aka zo gani. A hanyar fita a lura da duwatsun gaɓa, yadda igiyar ruwa ta cinye gindinsu ta bar samansu a buɗe kamar laima. Wannan siffa tana da kyau daga cikin ruwa, amma darasi ce ga wanda zai tsaya a kanta daga tudu, domin abin da ƙafa ke takawa a bakin gaɓa wataƙila babu komai a ƙarƙashinsa. Don haka idan an je wuraren hange, a tsaya taku uku ko huɗu daga baki, a riƙe hannun yara, kada kuma a taru a wuri ɗaya don ɗaukar hoto.

Ba kowa ne zai so shiga kwale-kwale ba, kuma bai kamata a tilasta wa kowa ba. A tafiyar da muka yi da gwaggona, da ta ga yadda jirgin ke rawa a bakin tasha sai ta ce, "Ɗan nan, ku je ku dawo, ni na gode wa Allah da na gani daga nan." Jagoran ya shimfiɗa mata tabarma a inuwa tare da ɗaya daga cikin jikokinta, ya bar musu ruwa da shayi, kuma da muka dawo ba ta rasa labarin da za ta ba mu ba. A tanadi irin wannan tun a wajen shiri, a gaya wa jagora cewa akwai dattijai a tafiyar.

Bayan Kandal sai a shiga mota a nufi wuraren hange na tudu. Farasan ba ta da manyan duwatsu, shimfiɗaɗɗiya ce, saboda haka kyan hangenta yana cikin launin ruwa ne: fari a kan rairayi, kore mai haske a inda ba zurfi, sannan shuɗi mai duhu a inda ƙasa ta faɗa. Wannan launi ya fi fitowa daga hantsi zuwa tsakar rana, lokacin da rana ke sama, abin da ya yi daidai da sa'o'in mai yini guda. Sunayen da za a ji a bakin jagora sun haɗa da Ra'asul Karn, da Gadir, da Janaba, da Fakwa, da Hasis, kuma ba sai an je dukkansu ba. A bar shi ya zaɓi biyu bisa ga iskar ranar, ɗaya don hange daga sama, ɗaya kuma mai rairayi da ruwa marar zurfi inda yara za su tsoma ƙafa. Gadar Ma'adi, wadda ta haɗa Farasan Babba da Sajid, ta cancanci a tsaya kusa da ita, domin daga nan ana ganin ruwa ta dama da hagu, sai dai tana da 'yar tazara daga gari, kuma wanda ya zaɓe ta ya san cewa zai bar wani wurin.

Hasis yana da labarin da ya sa ya fi sauran suna. Kowace shekara, wajen watan Afrilu, wani kifi mai launi da ake kira harid, mai baki kamar na aku, yakan taru da yawa a wannan lungu na teku, mutanen tsibirin kuma su kewaye shi su faɗa ruwa suna kamawa, abin da Bahaushe zai gane nan take idan ya tuna da bikin kamun kifi na Argungu. A sauran watanni wurin shiru yake, amma jagoran da aka haifa a nan zai nuna inda ake tsayawa da inda kifin ke shigowa.

A kan hanya tsakanin waɗannan wurare a sa ido a cikin ƙayoyi, domin a nan ne barewar Farasan take, wadda ake kira idmi. Tsibiran wuri ne da aka keɓe don kare namun daji, kuma a shekarar 2021 hukumar UNESCO ta sa su cikin jerin wuraren da take karewa saboda halittunsu, su ne kuma na farko a Saudiyya da suka shiga wannan jeri. A cikin ruwansu akwai kunkurun teku da wata dabba 'yar'uwar ayu da ke kiwon ciyawar ƙarƙashin ruwa. Ma'anar wannan ga baƙo ita ce ba a farauta, ba a bin barewa da mota, ba a ɓalle murjani don tsaraba, ba a kuma barin leda a bakin ruwa, domin kunkuru yana haɗiye ta ya mutu. Haka nan ba a ɗaukar hoton tashar jirgi ko wurin jami'an tsaro, ba a kuma ɗaukar hoton iyalin wani ba da izininsa ba. Wanda zai shiga ruwa ya shiga da takalminsa, ya riƙa jan ƙafa a hankali maimakon ɗagawa, saboda akwai halittu masu ƙaya da kifaye masu dafi da ke kwanciya a cikin rairayi. Idan wani abu ya faru a teku lambar jami'an tsaron iyaka ita ce 994, ta motar asibiti kuma 997.

Sallar Azahar ta fi daɗi a cikin gari, a Masallacin Najdi, wanda wani attajirin lu'ulu'u ya gina a shekarar 1347 ta Hijira, kuma adon mihrabinsa kaɗai ya isa a tsaya a duba. Wanda lokaci ya riske shi a bakin ruwa ya tuna cewa alƙibla a nan ba gabas take ba kamar yadda bakinmu ya saba faɗa, tana arewa ne ta ɗan karkata yamma, domin Makka tana arewa maso yammacin Farasan. Wanda ya taso daga Jidda ko Makka matafiyi ne, yana da sauƙin ƙasaru. Ba nisa da masallacin akwai gidan Rifa'i, na wani attajirin lu'ulu'un shi ma, wanda aka gina a farkon shekarun 1920 da dutsen murjani, aka yi wa bangonsa zanen farar ƙasa mai sarƙaƙiya da zai tuna wa mutum zanen gidajen Zariya da Kano. Minti ashirin sun isa a nan. Idan lokaci ya ragu, ƙauyen Kassar mai gidajen dutse da dabinai yana kusa da gari, kuma daga tsohuwar ganuwar Turkawa da ke kan ɗan tudu ana hango gari da kewayensa. Jagora zai iya ambata rubutun Rumawa na shekarar 144 Miladiyya da aka samu a tsibirin, da gidan da Jamusawa suka gina a Kumma a farkon ƙarni na 20 don ajiye gawayin jiragensu, amma Kumma sai da wata tafiyar ruwa, ba ta shiga lissafin mai yini guda.

Abincin rana shi ne inda aka fi yin sakaci da lokaci. Kifin Farasan sabo ne, ana gasa shi ko a dafa shi da shinkafa a yi sayadiyya, kuma ba a fara aikinsa sai an yi oda. Mu kanmu mun taɓa zama jiran gashin kifi har ƙarfe biyu ta gota, muka bar rabinsa a faranti muka fita da gudu. Maganin wannan shi ne jagora ya kira gidan abincin tun kuna bakin ruwa, ya faɗi yawanku da lokacin isowarku, ko kuma a ƙulle abincin a tafi da shi.

Ƙarfe 2 na rana ya kamata kowa ya kasance cikin mota, an kakkaɓe rairayi, an ƙirga yara, an kuma fito da tikiti da takardun shaida daga jaka. Tsakanin gari da tasha akwai 'yar tafiya, layin bincike kuma yakan yi tsawo da yamma saboda mutanen tsibirin da ke zuwa Jizan. A sallami jagora da sauran kuɗinsa a bakin tasha, a karɓi lambar wani masauki a cikin gari daga wurinsa saboda ko iska za ta hana jirgi tashi. Idan an sauka Jizan wajen ƙarfe 5, kada wanda ya yini a rana ya kama tuƙin kilomita 700 cikin dare. A sake kwana, a kama hanyar Jidda bayan sallar Asuba.